Biyan Wata a Gidan Gyaran Jiki: Ya Dace da Fatarmu da Gashinmu?

(Kiɗan buɗe shiri)

Ina gaida mutanen Tasawa da Maijirgi da Korgom da Hawandawaki da Urafan, ina gaida na Mayahi da Kanan Bakashe da Sarkin Hausa da Isawan, da duk wanda muryar nan ta iske a bakin Gulbin Kaba. Uwayena, yayyena, ƙannena, zancen yau namu ne. Amma maigida kada ka murɗa rediyon, don sau da yawa daga aljihunka kuɗin ke fita, kuma akwai naka kason a gaba.

Kowa ya san abonma. Mai talabijin ya san in wata ya ƙare bai biya Canal+ ba hoto zai ɗauke, mai waya kuma ya san forfe. To gyaran jiki ma ya samu nasa. A Indiya abin ya yi nisa. Akwai wani kamfani, Urban Company, da aka kafa a 2014 da sunan UrbanClap, cibiyarsa tana Gurugram kusa da Delhi. Mace tana zaune a ɗakinta za ta buɗe manhajar waya, ta zaɓi abin da take so, wankin fuska ne, cire gashin jiki ne, gyaran farce ne, ta sa lokaci, sai ma'aikaciya ta zo da jakarta har gida. Wadda ta biya kuɗin zama mamba na wasu watanni, ana yi mata rangwame.

Mu nan abin ya fi zuwa mana ta WhatsApp da TikTok. Mai gyaran jiki a Maradi ko Damagaram ko Kano za ta ɗora hoton amarya tana sheƙi, ta rubuta cewa a biya na wata ko na wata 3, a samu kitso da wankin kai da dilka da halawa da lalle, a turo kuɗi ta Nita ko Airtel Money. Ƴan matanmu da ke karatu a birni sun gani, amare sun gani, kuma duk abin da aka gani a waya ba ya daɗewa bai iso ƙauye ba. Shi ya sa na ga gara mu yi maganar tun da wuri, kafin kuɗi su bar hannu.

Ba zan ɓoye muku ra'ayina ba. Biyan wata yana iya dacewa da aikin hannu, wato kitso da tsifa da wankin kai da yankan farce. Bai dace da aikin sinadari ba. Ku ba ni aron kunnuwanku in faɗi dalili.

Mu fara da gashi, tunda shi ne finafinan Indiya suka fi sa mana kwaɗayinsa. Wace ce a cikinmu ba ta taɓa kallon jaruma gashi har gadon baya, ta shafa kanta ta yi ajiyar zuciya ba? Man amla da ake sayarwa a kasuwanninmu ma da hoton irin wannan gashi ake tallarsa. Sai dai halittar ba ɗaya ba ce. Silin gashin yawancin Indiyawa miƙaƙƙe ne ko mai ɗan lanƙwasa, maiƙon da fatar kai ke fitarwa yana gangarowa a kansa har ƙasa. Namu silin a murɗe yake, maiƙon ba ya samun hanyar sauka, shi ya sa bakin gashinmu ke bushewa, kuma a kowace murɗa akwai wurin karyewa. Ku ƙara da iskar hunturu daga Disamba zuwa Fabrairu, da ranar Afrilu da Mayu da ke wuce digiri 40. Tsarin da aka yi wa macen Delhi na yawan wanke kai da busarwa da na'ura mai zafi, in aka ɗora shi a kan gashin ƴar Mayahi, kakkaryewa zai yi. Wanki sau ɗaya a mako, ko a mako 2, ya ishe mu, a bi da mai tun gashin yana da danshi. Man kaɗanya yana nan, man shanu yana nan, karkashi da kakanninmu ke wanke kai da shi yana nan, santsinsa yana warware gashi ba tare da fizga ba.

Sai man miƙar da gashi, wanda wasu ke ce wa rilaksa wasu defrizan. A nan nake so ku tsaya da ni. Wannan mai da sinadari mai ƙarfi ake yin sa, wani irin ma dangin sodar da ake haɗa sabulu da ita ne. Aikinsa ya karya ƙarfin silin gashi don ya kwanta. Gashin mutum kuwa kusan santimita 1 yake tofowa a wata, wani bai ma kai ba. Shi ya sa likitocin fata ke cewa a bar tazarar wata 2 zuwa 3 kafin a sake, kuma a shafa a kan sabon tofo kawai. To ga Hajiya ta biya abonma, a ciki an rubuta miƙar da gashi duk wata. Wata ya zagayo, tofon bai kai gaɓar yatsa ba, amma ta riga ta biya, kuma babu mai son kuɗinsa su tafi a banza. Za ta je. Za a shafa, man ya hau kan tsohon gashin da aka riga aka raunana, ya taɓa fatar kai. Kun san wannan zaman: mace ta damƙe hannun kujera, ido ya kawo ruwa, ana ce mata daure saura kaɗan. Bayan kwana 2 sai ɓawon ƙuna, gashi ya manne a kansa.

Akwai kuma abin da ya fi ƙuna. A watan Oktoba na 2022, masu bincike na cibiyar lafiya ta gwamnatin Amurka suka fitar da sakamakon bibiyar mata sama da 33,000 na kusan shekara 11. Sun ga cewa matan da ke amfani da sinadaran miƙar da gashi fiye da sau 4 a shekara, haɗarin kamuwarsu da sankarar mahaifa ya ninka na waɗanda ba su amfani da shi fiye da sau 2. Kada hankalin kowa ya tashi: cutar ba mai yawa ba ce, kuma binciken alaƙa ya nuna, bai ce duk mai shafawa za ta kamu ba. Amma ku lissafa da kanku. Su a kan fiye da sau 4 suke magana. Abonman wata-wata sau 12 ne.

Kitso shi ne inda biyan wata zai iya yi miki rana, in kin saba yin sa a kai a kai kuma kin san hannun mai yi. Ko a nan akwai abin lura. Ku dubi yarinyar da aka gama yi wa ƙananan kitso ranar jajibirin salla: girarta ta ɗage sama, ba ta iya sunkuyar da kai, a bakin goshi ga ƙananan ƙuraje jere a gindin kowane kitso. Mu muna cewa kitso ya kamu. Gindin gashin ne ake tumɓukewa a hankali. In aka yi ta maimaitawa shekara da shekaru, gaban goshi da gefen kunne sukan sanƙe, kuma in wurin ya yi tabo babu man da zai dawo da gashin, ko daga Indiya aka kawo shi ko daga Chadi. Kitson da ya hana ki barci, a sassauta shi ko a tsefe. Na ƙarin gashi kada ya wuce mako 6 zuwa 8 a kai, in an tsefe kuma a bar kan ya huta. Mai kitson da ke da mutum 10 a layi saboda duk sun biya na wata, sauri za ta yi, mai sauri kuwa ja take yi.

(Gajeren kiɗa)

Jama'a masu saurare, in yanzu kuka kama mu, muna magana ne a kan biyan kuɗin wata a gidan gyaran jiki. Mun taɓa gashi, bari mu koma fata.

A nan mu da Indiyawa mun yi tarayya a abu biyu. Na farko, fata mai duhu, tasu da tamu, in aka ji mata ciwo ko aka ƙona ta ko aka goge ta da ƙarfi, baƙin tabo take bari, wanda kan ɗauki watanni bai baje ba. Na biyu, ciwon son fari. Su ma sun sha fama da shi. Shahararren man nan nasu Fair & Lovely, sai a 2020 kamfanin ya sauya masa suna zuwa Glow & Lovely bayan surutu ya yi yawa a kan tallar da ke nuna fari shi ne kyau. Don haka in kika ga tsarin gyaran jiki cike da alkawarin ƙarin haske, ki san ba sabon abu ba ne, kasuwa ce tsohuwa.

Dilka da halawa, waɗanda muka aro daga Sudan, ba su da laifi in an yi su da kayansu na asali kuma ba a matsa ba. Kurkur da garin hatsi da mai da turare, a murje jiki a hankali, dattin fata ya fita. Inda gizo ke saƙar shi ne haɗin da ake zubawa a ciki a ɓoye don mai biya ta ga canji cikin mako guda. Kun san kwalbar: tsohuwar kwalbar mayonez ce ko roba marar rubutu, man ciki ruwan ƙwai, ƙamshi kamar me, in kin tambaya a ce sirrin sana'a ne. Abubuwa uku aka fi samu a irin wannan haɗi. Akwai hydroquinone, wanda in an daɗe ana shafawa yake juyewa ya bar baƙi-baƙi mai shuɗi a kumatu, mai wuyar magani. Akwai magungunan kumburi masu ƙarfi irin su clobetasol da betamethasone, waɗanda likita ke rubutawa na ɗan lokaci don wata cutar fata. In aka mayar da su man shafawa, fata takan yi siriri har jijiyoyi su bayyana, nankarwa ta fito a damtse da cinya, ƙuraje da ƙyasbi su samu gida, rauni ya ƙi warkewa, kuma suna iya shiga jini su taimaka wa hawan jini da ciwon sukari. Na uku shi ne zaiba, wato mercure, mai lalata ƙoda da jijiya, mai ratsawa zuwa ga ɗan da ke ciki da wanda ke shan nono. Saboda haɗarin zaiba ƙasashen duniya suka ƙulla yarjejeniyar Minamata a Japan a 2013. Kodebuwa ta hana mayukan bilicin a 2015, Ruwanda ta bi sahu a 2018, hukumar NAFDAC ta Najeriya kuma ta ayyana lamarin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a 2023. Mu da muke cin kasuwa ɗaya da Katsina da Kano, abin da ke kan teburinsu shi ke kan namu.

Me ya haɗa wannan da biyan wata? Mai shafa maganin kumburi in ta daina, fuska takan yi ja, ta yi ƙaiƙayi, ta fi yadda take a da duhu. Sai ta koma da gudu. Mai shagon ba ta bukatar roƙonki ki sabunta abonma, fatarki ce za ta kai ki. Garin neman gira ke nan a rasa ido. Saboda haka kafin ki tura ko dala, ki ce a nuna miki kwalin kowane mai da za a shafa miki, da rubutunsa da ranar lalacewarsa. In ba ki iya karatun boko ba, ɗauki hotonsa ki nuna a farmasi ko wa ma'aikacin CSI, wato ƙaramin asibiti. Wadda ta ce sirri ne, ki bar mata sirrinta ki riƙe kuɗinki.

Lalle kuma. Jan lallenmu na ganye, wanda ake kwaɓawa a ƙunsa a kwana da shi ko a yi sa'o'i, ba kasafai yake cutarwa ba. Baƙin zane mai kamawa kafin a gama hira, shi yawanci rinin gashi ne mai sinadarin da ake kira PPD. Wata za ta yi sau da yawa lafiya, rana ɗaya jiki ya ƙi shi: zanen fulawar nan ya kumbura ya yi ruwa, daidai yadda aka zana shi, wani lokaci bayan kwana 2, wani lokaci sai bayan mako guda ko fiye. Kuma in jiki ya ƙi shi sau ɗaya, ya ƙi ke nan, ko rinin furfura ta shafa daga baya zai tashi. Yawan maimaitawa yana ƙara kusantar da wannan rana. A gwada ɗan ɗigo a bayan kunne ko cikin damtse a jira kwana 2, duk da gwajin ba ya kama kowa. Amarya kuwa, don Allah, kada ranar ƙunshi ta zama ranar farko da wani sabon abu zai taɓa jikinki. Jarirai kuma a bar su ba lalle, ko ja ne, don akwai yaran da jininsu ba ya ɗaukarsa.

Tsafta ba ta bukatar dogon bayani. Mataji ɗaya da tsinke ɗaya a kan yara 5 shi ke raba makero da ƙwarƙwata. Makero kuma ba ya jin man shafawa kaɗai, sai an haɗa da maganin sha na makonni daga gidan likita. Reza da abin yankan farce da aka yi wa wata amfani da su suna iya ɗaukar ciwon hanta, wanda yake da yawa a yankinmu. Ki tafi da naki mataji da tawul, reza a ɓare sabuwa a gabanki. Maigida, ga kasonka: in ka yi yarjejeniyar biyan wata da mai aski, ka duba yana wanke injin tsakanin kai da kai, kuma in ƙuraje masu tauri sun fara fito maka a ƙeya, ka daina ƙwalƙwal a wurin ka nemi likita tun ba su zama tudu ba.

Yanzu lissafi. Misali ne zan ba ku, ba farashin kowa ba. A ce an ce ki biya jika 10 a wata, a yi miki kitso 2, wankin kai 2, dilka 1, lalle 1, an kuma ce da ɗaya-ɗaya za ki biya sai ya kai jika 14. Kunne ya ji ribar jika 4. Amma tambayi kanki, a watan da ya wuce nawa kika kashe? In kitso 2 kika yi, kika wanke kanki da kanki, lalle kuma sai biki, wataƙila jika 3 ne. Ashe ba jika 4 kika rage ba, jika 7 kika ƙara. Sannan ki dubi shekararmu yadda take. Daga Yuni zuwa Oktoba mace tana gona ko tana kai abinci gona, hanya ta yi laka, kuɗi sun yi wuya. Biki da suna da kwalliya sai kaka ta yi, an sayar da gyaɗa da wake da riɗi, sai kuma gabanin azumi da salla. Wadda ke Korgom ko Isawan ta biya na wata 6 a shagon da ke birni, ta sa kuɗin mota a lissafi? Ranar da ba kuran, na'urar busar da gashi ba ta aiki, ranar da ba rezo manhaja ba ta buɗewa, amma kwanakin abonma suna tafiya.

Matan jihar Maradi ba baƙin zubi ba ne. A nan aka fara Mata Masu Dubara a 1991 tare da ƙungiyar CARE, tsarin da daga baya ƙasashe da dama suka kwaikwaya. A asusun nan kina zubi, kuɗin suna cikin akwati a gaban idon kowa, naki ne, ranar rabo ki ɗauka har da riba. Kuɗin abonma in sun fita sun fita. In mai shagon ta yi aure ta koma Agadas, ko ta rufe, ko ke kika samu ciki kika daina son ƙamshin turare, wa zai mayar miki? Ki tambaya tun farko: in na yi tafiya ana ɗaga mini kwanakin? In jikina ya ƙi man ana mayar da saura? Ƙanwata za ta iya zuwa a madadina? A rubuta amsar, ko a yi ta a saƙon murya ki adana. Ki fara da wata 1, kada ki yarda da na shekara komai zaƙin rangwamen.

In ta manhaja ce, ki duba ko tana cire kuɗi da kanta duk wata, ki san yadda ake tsayar da ita kafin ki shiga. Lambar sirrin asusunki ba ta mai shago ba ce, ba ta kowa ba ce. Kuma hoton fuskarki ko na kanki ba ɗankwali da ake cewa ki turo don a duba irin fatarki, ki sani in ya fita daga wayarki kin rasa iko da shi. Mata nawa suka tsinci hotonsu a tallar kafin da bayan ba da izininsu ba? Ki faɗa a fili cewa ba ki yarda a ɗora ki ba.

Akwai wadda ba mu cika tunawa da ita ba a wannan ciniki, ita ce mai aikin. Rangwamen da aka yi miki daga jikin wani ya fito. A Indiya, a watan Oktoba na 2021, mata masu gyaran jiki da ke aiki ta Urban Company sun yi zanga-zanga a ƙofar ofishin kamfanin a Gurugram saboda kason da ake cira a kuɗin aikinsu, har kamfanin ya rage mafi girman kason daga 30 cikin 100 zuwa 25. A wajenmu, mai shagon da ta karɓi kuɗi kaɗan ta yi alkawarin aiki mai yawa, ko dai ta sayi mai mafi araha, ko ta bar ki a hannun ƴar koyo. Araha dai ba ta ado. Ita kuwa Inna mai kitson unguwa, da ta san inda gashinki ya yi rauni tun kina ƴar yarinya, take kuma yi miki bashi har kaka, in kina son biyan wata ki fara yi da ita. Ku yi magana, ki ba ta nata a farkon wata, ta san ranar zuwanki, ita ma ta samu abin dogaro.

Kafin lokaci ya cinye mu, ga abin yi in an riga an samu matsala. In man miƙar da gashi ya fara ƙuna, a wanke nan take da ruwa mai tsabta mai yawa, a yi ta zubawa kamar minti 20, kada a shafa man goge baki ko toka. In ya shiga ido, a wanke a tafi likita ba jira. In bayan baƙin lalle ko rini fuska ko leɓe suka kumbura, ko numfashi ya yi wuya, a nufi asibitin Tasawa ko na Mayahi ko CSI mafi kusa cikin gaggawa, ko da dare ne. Wadda kuma ta daɗe tana shafa haɗi tana son dainawa, kada ta yanke rana ɗaya ita kaɗai. Ta ɗauki kwalbar ta kai wa ma'aikacin lafiya, ta faɗi gaskiyar tsawon lokacin da ta yi tana shafawa, a auna mata jini da sukari, a nuna mata yadda za ta janye a hankali. Mai ciki da mai shayarwa su faɗa wa ungozoma a wurin awo.

Nan za mu dakata. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A gaida mutanen gida.

(Kiɗan rufe shiri)